Jirgin da Ba Ya Karkata

São Luís, ranar Talata

Zuwa ga Dalvina, sanyin idona, rijiyar ruwan daɗi da Allah ya haƙa mini a bakin ruwan gishiri, jan tsuntsun guará da ya sauka a reshena tun ina saurayi bai sake tashi ba. Gaisuwa gare ki mai yawan yashin gaɓarmu, daga mijinki wanda ƙafafunsa ke kan tudu a yau, zuciyarsa kuwa tana can wajenki a ƙetaren ruwa.

Na gan ta, Dalvina! Na ɗauke ta! Jikarmu ta zo lafiya, uwarta ma lafiya, sai gajiya. 'Yarmu Jucilene ta miƙo mini ita cikin farin tawul, na tsaya ƙiƙam, na rasa yadda hannuwan da suka saba jan taru za su riƙe abin da bai kai nauyin kifi biyu ba. Gashinta baƙi ƙirin, a kwance luf kamar an shafa masa mai. Kunnenta naki ne, har 'yar lanƙwasar nan ta sama. Da ta buɗe baki ta tsala kuka duk ɗakin haihuwa ya ɗauka, na ce to, muryar ma taki ce. Sun sa mata sunanki. Bayan shekarun da 'yarmu ta yi tana jira, bayan cikin da ya yi ta zubewa muna kallo ba yadda za mu yi, yau ga Dalvina ƙarama ta damƙe ɗan yatsana ta ƙi saki. Na yi kuka a gaban likita da surukinmu da kowa, ban kuma ji kunya ba.

Amma dubi rubutun nan, ki ga yadda layukan suka karkace. Ba murna kaɗai ta karkata su ba. Jiya da yamma Jucilene ta ce kun yi magana ta waya, kin gaya mata ranar Asabar za ki taso a jirgin Gumercindo, aminin nan nawa da muke kiran juna compadre. Tana faɗa tana dariya, ni kuwa cokali ya tsaya mini tsakanin kwano da baki. Shinkafa ce da miyar yakuwa da jatan lande, wadda kika san ba na ragawa, na ture ta gefe. Ban gaya wa yarinyar komai ba, mai jego ba ta bukatar irin wannan labari. Ba kuma zan faɗe shi a waya ba, kina tsaye a tudun coci inda ake samun layi, rabin ƙauye na kewaye da ke suna kasa kunne. Shi ya sa na nemi takarda, zan ba mai kawo ƙanƙara ta kai miki. Kada ki ce rubutuna bai karantu ba. A ajin yamman da muka shiga da tsufanmu ke kika riga ni haɗa baƙaƙe, kin kuma san kowace ƙugiya da hannuna ke yi. Ki karanta ke kaɗai, ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi faɗan.

Kin san yadda na baro gida. Rogonmu na cikin ruwa ya riga ya yi laushi, in ba a matse shi an soya ba garin shekara ya lalace. Kika ce, "Tafi kai, tsoho, da ma ba ka da amfani a bakin kasko. Je ka gano mini ita." Kika cusa mini 'yar rigar da kika ɗinka mata a jaka. Na sauko gaɓa na tarar jirgi mai inji ya tafi tun da cikar ruwan asuba. Sai ga Gumercindo a tsaye kan sabon abin nan nasa yana kaɗa mini hula. Ɗansa ne uban jaririyar, shi ma zumuɗi ya hana shi zama.

Ya ce, "Compadre, hau mu tafi! Kafin kofi ya huce muna birni."

Na ce, "A kan wannan? Wannan ai gado ne aka ɗora wa kwalekwale biyu."

"Hau dai, matsoraci. In ka tsaya ɗaukar kunkurun kwalekwalen nan naka, sai ranar bikinta ka isa."

Ke daga nesa kawai kika sha hango shi, katamaran ɗin. Kwalekwale biyu ne sirara dogaye, an haɗa su da katako, an shimfiɗa raga a gaba, dirka ɗaya a tsakiya, da farin ƙyallen iska mai tsawon bishiyar kwakwa. Gumercindo ya saye shi ne daga hannun wani mai masaukin baƙi, bai kuwa taɓa fita da shi ba sai cikin rafi, da safe, lokacin da iska ke barci. Ni ko ƙafa ban taɓa ɗora masa ba. Amma wa zai gaya wa mutumin da ya yi furfura a kan ruwa cewa akwai jirgin da bai sani ba?

Kai, Dalvina, irin ƙaryar da jirgin nan ya shirga mini! Muna fita daga rafi ya miƙe kamar tsuntsu, babu tangaɗi, babu kuka. Na ajiye kofin kofina a kan katako, ko ɗigo bai zube ba. Itatuwan gaɓa suka yi ta wucewa baya da saurin da ban taɓa gani ba. Na yi dariya kamar yaro, na ce a raina wata rana sai na ɗauko matata a kan wannan, ta zauna daram kamar a tsakar gidanta.

Ke matar masunci ce, kin san yadda jirgi irin namu, biana, yake magana da mai shi. In iska ta ƙaru sai ya kwanta gefe ɗaya. Kana jin sa a ƙugunka tun kafin idonka ya gani. Ya ƙara kwanciya, ruwa ya fara lasar bakinsa, ka san lokacin rage ƙyalle ya yi. Tun ina bin babana ban taɓa auna iska da wani abu ba sai da karkatar katakon da nake zaune a kai. Haka ubana, haka ubansa, haka duk wanda ya taɓa jefa taru a gaɓarmu. To ga jirgi a miƙe kamar tebur. Me ƙuguna zai gaya mini? Ya ce mini lafiya lau, ni kuwa na gaskata shi.

Gumercindo ya ɗan yi yunƙuri, in faɗi gaskiya. Da muka fuskanci buɗaɗɗen ruwa ya hango kumfa ta fara fari-fari a can gaba, ya sosa ƙeya ya ce, "Compadre, wanda ya sayar mini ya ce in na ga fararen tumakin nan a kan ruwa, in rage ƙyalle tun ban isa wurinsu ba."

Na ce, "Wanda ya sayar maka mai gyaran gadon baƙi ne. Dubi kofina. Iskar da ta kasa karkatar da jirgi ita za ka naɗe wa ƙyalle? Sai yarinya ta yi haƙori muna hanya."

Ya yi dariya ya ƙyale, don shi ma makarantarmu ɗaya. Ya kama sandar tuƙi, ya miƙo mini igiyar da ke riƙe da ƙyallen, ya ce in riƙe ta a hannu, kada in ɗaure. Na riƙe na ɗan lokaci. Tana ja kamar an ɗaura mata sa, tana cin tafin hannuna. Ga feshin ruwa yana tasowa ta cikin raga yana jiƙa jakata, na tuna da 'yar rigar da kika kwana uku kina yi wa ado. Sai na naɗe igiyar a jikin ƙarfe, na yi mata ƙullin da muke yi wa taru, wanda ja ke ƙara masa ƙarfi, na juya ina neman leda.

Kin san wurin nan na tsakiya, inda ruwa mai janyewa yake karo da iska mai shigowa, raƙuman ruwa su tashi tsaye kamar katanga, kusa da kusa, ba su ba jirgi sararin numfashi. Nan muka shiga da cikakken ƙyalle. Jirgin ya fara wani irin kuka siriri daga ƙasa, kamar ana busa a bakin kwalba. Gudunsa ya wuce na daɗi. Ruwa yana bugun katakon da ke ƙarƙashinmu, kowane bugu ina jin sa a haƙorana. Duk da haka a miƙe yake, Dalvina, a miƙe! Na ɗaga kai na ga wani baƙin tabo a kan ruwa yana tahowa wajenmu a guje. Na san ko mene ne, na buɗe baki zan yi magana, ya riga ya iso.

Ƙafar jirgin da muke zaune a kai, wato ɗaya daga kwalekwalen nan biyu, ta tashi. Ba a hankali ba irin na biana, da za ka ce bari in gyara zama. Lokaci ɗaya na ga ruwa ya yi nisa a ƙasana, na leƙa na ga hasken rana a ƙarƙashin jirgi, inda ba a taɓa yin hasken rana ba, ruwa na tsiyaya daga cikinsa kamar daga bakin rufi. Ɗaya ƙafar kuwa ta soka hancinta cikin teku ta nutse har raga. Kofi ya tafi, hulata ta tafi. Gumercindo ya zame ya rataya a sandar tuƙi yana ihu, "Saki! Saki igiya, compadre! São José ka taimake mu, saki igiyar!"

Na kai hannu. Ƙullin ya jiƙe, ya ɗame, ya zama dutse. Na ja da yatsu, farcena ya tsage. Na sa haƙori. Jirgi na ta tashi, dirka na ta sunkuyawa wajen ruwa, har na ga inuwar ƙyalle tana shafar kumfa. Gumercindo ya gama kiran waliyyan da ya sani ya shiga kiran mahaifiyarsa da ta rasu tun muna samari. Ni ban kira kowa ba. Abin da na gani kawai shi ne ke, tsaye a bakin kasko da hayaƙi a idonki, wani yana tahowa ta hanyar gaɓa da hula a hannu, ke kuma kina murmushi don kina zaton labarin jaririya ya kawo miki. Wayyo, wannan murmushin! Da zan iya mantawa da shi da na yi barci jiya.

Ban san lokacin da hannuna ya je ƙugu ba. Wuƙar fiɗar kifi da kullum kike cewa in bari a gida in za ni birni, ita na zaro. Sara ɗaya, igiyar ta tsinke da ƙara kamar bindiga. Ƙyalle ya fizge ya yi waje, sandar ƙasansa ta wuce ta saman kan Gumercindo da tazarar tafin hannu, jirgi ya faɗo kan ruwa tim! Na ciji harshena, jini ya cika mini baki. Teku ta hau mu ta sauka. Muka rarrafa kamar ƙaguwa, muka jawo babban ƙyallen ƙasa yana marinmu hagu da dama, muka danne shi da gwiwoyi muka ɗaure. Da ɗan ƙaramin ƙyallen gaba muka ƙarasa, a hankali, raƙuman ruwa na tura mu kamar ana korar awaki.

Sai da gine-ginen birni suka fito sosai Gumercindo ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Compadre, jiƙar wandon nan naka, ta teku ce ko taka?"

Na ce, "Ta teku ce. Taka fa?"

Ya ce, "Rabi da rabi."

Muka yi dariya har hawaye, amma dariyar tana rawa.

A tasha akwai wata mace, Dona Marluce, wadda ke tuƙa irin wannan jirgi tana kai baƙi yawon buɗe ido. Ta kama mana igiyar ɗauri, ta dubi guntun igiyar da na sare, ta dube mu. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kira sunana cikin girmamawa ta ce, "Seu Venâncio, kana jira ya karkata ne, ko?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Duk tsofaffin masunta haka kuke yi. Biana in iska ta yi masa yawa yana kwanciya ya zubar da ita ta sama. Wannan ba ya zubarwa. Haɗiyewa yake yi ya mai da ita gudu, ya yi ta haɗiya yana yi maka fuskar lafiya, har ya ƙoshi ya kife. In kuwa ya kife ba ya tasowa. Ba ku biyu ba, ko ku goma ne ba ku juya shi." Na taka tudu, na durƙusa na dafa siminti da hannu biyu, na rantse ƙafata ba ta ƙara hawa abin nan har in mutu.

To wannan ne jirgin da kika ce za ki hau ranar Asabar, ya farin watana.

Dalvina, ba ki iya iyo ba. Duk ƙauye sun manta da haka don sun ga kin tsufa a bakin ruwa, amma ni ta yaya zan manta? Ai ta nan na same ki. Kina 'yar budurwa a kwalekwalen babanki, cikin rafin da muke kama ƙaguwa, kika miƙa hannu za ki ciro reshe kika zame. Ruwan bai fi tsayin mutum ba, amma kika tafi ƙasa shiru kamar dutse, ko fafutuka ba ki yi ba. Na faɗa na lalubo ki ta gashi. Da kika gama tari, abu na farko da kika ce mini shi ne na ɓata miki kitso. A wannan rana na san na gama neman mata. Na kai ki gida a jiƙe, jajayen tsuntsaye na dawowa kwana suna cika itatuwa kamar an kunna musu wuta, ke kina rawar sanyi kina harara ta, ni kuwa ina roƙon Allah rafin ya ƙara tsawo.

Wancan rafi ne, ni kuma ina da ƙarfin saurayi. Tsakiyar tekun nan fa? In jirgi ya kife a can, ruwa mai janyewa ya ɗauke ki, gashin wa zan lalubo? Da wane numfashi? Wa zai tashe ni da ƙarar turmi, wa zai ce na sa gishiri ya yi yawa, wa zai ɗora ƙafarsa mai sanyi a kan tawa a ragar kwanciya? Ke ce gaɓar da nake dawowa gare ta. In gaɓa ta tafi, ina masunci zai nufa? Me zan ce wa Dalvina ƙarama in ta girma ta tambaye ni mai sunan? In ce kakarki ta taho ganinki ne teku ta karɓe ta, ni kuma ina zaune a birni ina shan kofi?

Ina roƙonki da girman shekarun da muka yi tare, da 'ya'yan da muka binne da wadda ta rayu, ki shiga jirgi mai inji, in na gaɓarmu bai tashi ba ki hau babur zuwa garin Alcântara ki shiga na can. Na san warin mansa yana juya miki ciki. Na san tun ranar da kika yi amai a gaban matar malamin coci kika rantse kin bar shi. Ki yi aman, zinariyata, ki yi a gaban duniya duka, ni zan wanke rigar. Ko ki jira watan nan na iska ya wuce. Yarinya ba za ta gudu ba.

Na rubuta wannan roƙo ina jin amsarki a kunnena kamar kina tsaye a kaina. "Kai tsoho, cibiyar fa? In ta faɗi wa zai adana ta? Yaran birnin nan sai su bar ta a kan tebur ɓera ya ɗauka, jikata ta tashi da hannun ɗauke-ɗauke." Na gaya wa Jucilene ta sa ido, ta ce to, amma na ga a fuskarta ba ta ɗauki abin da nauyi ba. Na kuma san ba za ki yarda wani hannu ya naɗe cibiyar nan ya binne ta ba sai naki, kamar yadda kika binne ta uwarta a gindin bishiyar lemo. Cibiyar ta fara bushewa, na duba da kaina. Ba za ki jira ba. Ba za ki hau mai inji ba. Tun da na aure ki ban taɓa ganin kin fasa tafiyar da kika ɗaura wa ɗankwali ba. Gumercindo kuwa ba zai iya ce miki a'a ba, tsoronki yake ji fiye da teku, kuma girman kai ba zai bar shi ya gaya miki abin da ya same mu ba. Zai ɗauko ki shi kaɗai, hannu ɗaya a sandar tuƙi, igiya kuma a ɗaure don ba mai riƙe masa.

Wannan tunanin ne ya tashe ni yau tun gari bai waye sosai ba. Na sauka tasha na sami Dona Marluce tana wanke jirginta. Na cire hular aro da surukinmu ya ba ni na ce, "Dona, na zo makaranta."

Ta ce, "Ba kai ne ka rantse ba?"

Na ce, "Ni ne. Allah ya san da wa ya haɗa ni aure, zai yi mini uzuri."

Ta fita da ni nan kusa da gaɓa. Da na ɗora ƙafa a kan ragar nan na ji kamar in koma. Ta zaunar da ni ta sa mini igiya a hannu, ta ce in manta da ƙuguna, in sa idona a kan ruwa can gaba, inda iska ke baƙanta shi kafin ta iso. Duk baƙin tabon da ya taho sai in sassauta, ya wuce in ja. In na makara ta buga mini tsawa kamar ɗan koyo: "Saki, kaka! Kana jiran ta aiko maka da takarda ne?" Ta nuna mini yadda ake rage ƙyalle tun jirgi na ɗaure a tasha, lokacin da mutum ke ganin kamar ba bukata. Ta nuna mini yadda abin nan yake tsayawa cak in ka juya hancinsa cikin iska da garaje, har ya fara komawa da baya. Tafin hannuna ya ɗaye, da ƙyar nake riƙe alƙalamin nan. Gobe zan koma, jibi ma haka, kuma na ce wa Gumercindo in bai biyo ni ba zan ba duk tasha labarin wandonsa.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro bai bar ni ba. Ina rufe ido nake ganin hasken nan a ƙarƙashin jirgi. In na tuna zan sake ratsa tsakiyar can sau biyu, zuwa da dawowa, sai in tashi zaune a tsakar dare. Kwana biyu ko uku na koyo ba sa mai da tsoho gwani, na sani. Amma tsoron zama a nan ina kallon ruwa, ina ƙirga jiragen da ke shigowa, ina tambayar kowa ko ya hango farin ƙyalle, ya fi ƙarfina. Wancan tsoron ina da abin yi a cikinsa, ina da igiya a hannu. Wannan kuwa ba abin da zai bar mini sai tsayuwa.

Don haka ki saurara, Dalvina. Ranar Juma'a da sassafe zan taso tare da Gumercindo, mu kwana a gida, Asabar mu dawo da ke. Za mu tashi tun iska ba ta farka ba, ko da kofi bai tafasa ba, kada ki ce sai kin share tsakar gida. Dona Marluce ta ba ni aron rigar ceto mai ruwan lemo, za ki sa ta, za ki bari in ɗaure miki ita da kaina, ko da kin ce ta mai da ke kamar kabewa. Za ki zauna a tsakiya inda na nuna miki. Buhun gari ɗaya kawai za mu ɗauka, ba uku ba. In kuwa muka fito bakin rafi na ga ruwan bai yi mini ba, za mu juya, ki zage ni har gida, in ji da daɗi. A kan wannan kaɗai, sau ɗaya a rayuwarmu, ki bar ni in yi gardama in ci.

Ranar Juma'a ki fito gaɓa ki duba. Za ki ga jiragen samari suna shigowa da cikakken ƙyalle suna tsaga ruwa. Kada ki neme ni a cikinsu. Ki duba can baya, inda wani jirgi mai ƙafa biyu ke tahowa da ƙyalle ɗan mitsitsi kamar an shanya ɗankwali, yana jan jiki, masunta na nuna shi suna riƙe ciki don dariya. Tsohon da ke zaune a kai, fuska ba jini, ya ƙanƙame igiya da hannu biyu, mijinki ne ya zo ɗaukarki.

Naki tun daga rafin ƙaguwa, naki a tudu, naki a kan ruwa ko da tsoro na cina, har ranar da za a rufe mini ido, in Allah ya ji roƙona kuwa da hannunki,

Venâncio